Kitse a hantar matasa: awa guda a rana ba ta fi ƙarfin Maradi ba

A Maradi, inda yunwar 2005 da cibiyoyin kula da masu tamowa suka bar tabo a zukata, uwa idan ta ga ɗanta ya yi kumatu sai ta yi hamdala. Ba na ganin laifinta. Amma akwai ƙibar da ke ɓoye ciwo, kuma ciwon yana kama hanta.

Likitoci na cewa hanta ta tara kitse idan kitsen ya haura kashi 5 cikin 100 na nauyinta. Ba sai mutum ya taɓa giya ba. Yaro ɗan shekara 14 na iya ɗauke da shi ba zazzaɓi, ba ciwon shawara, sai an yi masa hoton ciki ko gwajin jini a gane. Idan aka bar shi shekaru, hantar na iya kumbura har ta ƙandare, ciwon suga kuma yakan biyo baya.

Ku leƙa kowace fada a unguwar Zariya ko ta Ali Ɗan Sofo bayan la'asar. Shayi na farko, na biyu, na uku, kowane da sukarinsa, ga lemun kwalba, ga waya a hannu har dare ya raba. Gwangwanin Coca-Cola na santilita 33 kaɗai na ɗauke da sukari giram 35, kuma wani kaso na wannan zaƙin hanta ce ke juya shi kitse. Lakwal ɗin da a da ake takawa, yanzu kabu-kabu ke kai yaro har ƙofa.

Abin da ke ƙarfafa mini gwiwa shi ne motsa jiki na rage kitsen hanta ko da nauyin mutum bai sauka ba, don tsoka mai aiki tana zuƙe sukarin da ke cikin jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce minti 60 kullum ga ƴan shekara 5 zuwa 17. Garin da ya san kokowa da langa bai kamata wannan ya gagare shi ba. Zafin Afrilu ma yana barin sanyin safiya.

Ƴan mata ne aka fi zalunta. Namiji ko a lungu zai buga ƙwallo, mace kuwa da ta fara girma sai a ce ta zauna gida. Shugabannin makarantu da magajin gari su ware musu fili mai katanga da malama mace, a kuma daina cinye awar wasanni da darasin lissafi duk lokacin da jarrabawa ta gabato.