Su suna ƙirgawa, mu muna kallo

A Ingila, inda nake zaune, da zarar watan Maris ya kama akwai mutanen da barcin safe ke ƙaurace wa. Sanyi bai gama sakin gari ba, amma tun da sassafe za ka tarar da su a bakin madatsun ruwan sha da ke gefen garuruwa, kowa da madubin hangen nesa rataye a wuya, wasu na saɓe da wani babba mai ƙafa uku. Yawancinsu dattawa ne da suka ajiye aiki. Tsuntsaye suke jira. 'Yan uwanmu mazauna nan in sun gan su sai dariya, a ce ƙoshi ne, wanda cikinsa ya cika ya rasa abin yi shi ke zaman gadin tsuntsu. Ni ban yarda da wannan magana ba, kuma na daɗe ina bin dattawan nan bakin ruwa.

Abin da ke faruwa a madatsa a wannan lokaci canjin baƙi ne. Agwagin ruwan da suka yi hunturu a nan suna haramar komawa arewa, ƙasashen Sikandinebiya da Rasha, kullum adadinsu raguwa yake. Akwai wani tsuntsun ruwa mai tukku biyu da dogon wuya, gwanin nutso, wanda yanzu ne namiji da mace ke rawar aure: su fuskanci juna suna kaɗa kai, su nutse, kowa ya fito da ciyawa a baki, su miƙe tsaye a kan ruwa ƙirji da ƙirji. Wannan kaɗai ya isa a sha sanyi dominsa. Amma ba shi dattawan ke jira ba. Idonsu na kan masu tahowa daga kudu. Ta farko galibi wata 'yar tsattsewa ce mai launin ƙasa, da ke haƙa rami a gaɓar yashi ta yi sheƙa. Nauyinta bai kai giram 20 ba, ta ketare Sahara da Bahar Rum, ta iso tana shawagi a kan ruwa tana cafke ƙwari, domin a irin wannan sanyi saman ruwa ne kawai ake samun su. Sai wata ƙaramar agwagwa da namijinta ke da farin zane a saman ido, wadda in an ga ko ɗaya labari ya bazu ke nan. Zuwa ƙarshen wata shahon nan mai kamun kifi ya sauka.

Duk daga wajenmu suke. Agwagwar da ake wa wannan rububi, a watan Janairu dubbanta ne ke kwance a fadamun Haɗeja da Nguru, da Tafkin Chadi, da fadamun kogin Neja a Mali. Shahon kifin a gaɓar Senegal da Gambiya yake hunturu, 'ya'yansa ma in suka tafi karon farko sukan shekara biyu kafin su waiwayi Turai. Shi ya sa in na ji dattijo ya ce "tsuntsayenmu sun dawo" nakan ji wani abu ya ɗan sosa mini rai. Naku a ina? Kusan rabin shekara a ƙasarmu suke ci suke sha. Kakanninku ma ba su san inda suke zuwa ba, har wasu masanansu sun yi zaton tsattsewa a cikin laka take kwana duk hunturu, sai da aka harbo wata shamuwar Turai a arewacin Jamus a 1822 da mashin Afirka soke a wuyanta. Tana nan a ajiye a jami'ar Rostock.

Sai dai in za a faɗi gaskiya, suna da hujjar cewa nasu ne, hujjar kuwa ɗan littafin da ke aljihun kowannensu. Mutumin nan ba kallo kawai yake ba. Yana rubuta kwanan wata, da wuri, da irin tsuntsu, da adadi. Tun 1947 ake ƙirga tsuntsayen ruwa a Birtaniya a tsare, yanzu sau ɗaya a kowane wata, rana guda a duk faɗin ƙasar don kada a ƙirga garke ɗaya sau biyu, kuma 'yan sa kai ne ke yi, ba a biyan su ko sisi. Amfanin wannan ya fito fili a 1969. A shekarar wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro, da ke cika shingayen gonaki da kuka, ya dawo a ƙarance ƙwarai: fiye da kashi biyu cikin uku ba su dawo ba. 'Yar tsattsewar yashi ita ma ta ragu. Da aka bi diddigi sai aka gano ruwan sama ne ya gaza a yankin Sahel, inda suke hunturu. Wato farin da ya zo ya halaka dabbobi da mutane a ƙasashenmu a farkon shekarun 1970, alamarsa ta riga ta shiga littattafan 'yan sa kai a ƙauyukan Ingila, duk da cewa su ma sai daga baya suka fahimci abin da suka rubuta.

Kada wani ya ɗauka sun fi mu sanin tsuntsu. Ko kusa. Bature mai matsakaicin shekaru da ba ya wannan harka, da ƙyar ya ambaci sunan tsuntsu goma. Mu kuwa yaron da ya tashi kusa da fadama zai jero maka kirinjijiya da ɗinya da zalɓe da jinjimi da kwasakwasa da kazar ruwa ba tare da ya numfasa ba. Masunci ya san tsuntsun da ke nuna inda kifi yake. Makiyayi ya san carki da belbela kamar yadda ya san shanunsa. Manomi in ya ga shamuwa ta sauka a kan kuka ko tsamiya ba ya jiran sanarwar rediyo kafin ya gyara fartanya. Wannan ilimi ne na gaske, wanda aka tara da ido shekara da shekaru. Lalurarsa ɗaya, a ka yake zaune, ba ya da kwanan wata.

Ga misali. Belbelar nan tamu ta fara sheƙa a Ingila, kuma sun san shekarar: 2008, a yankin Somerset. Tun daga nan suke bin ta, suna lissafa yadda take yaɗuwa saboda hunturunsu ya rage tsanani. To mu fa, a wace shekara ungulu ta bar mahautanmu? Duk wanda ya haura arba'in ya san da can ba a iya yanka a kasuwa sai ta taru, yanzu kuwa yaro zai girma a birni bai taɓa ganin ta ba. Kowa ya lura, ba wanda zai ce ga lokacin da abin ya fara, ga garin da ya fara rasa ta. Sai a 2015 muka ji an sa ta cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya. Haka gauraka, da ake kira tsuntsun ƙasa na Najeriya, ya zama sai a hoto ko a gidan mai kuɗi. Abin da ba ka da lissafinsa, in ya tafi, ba ka da bakin kai ƙara.

A batun ruwa ne wannan bambanci ya fi ciwo. Madatsar Rutland, wadda ta fi kowace faɗi a Ingila, an gina ta ne a shekarun 1970 don ruwan famfo, ba don tsuntsu ba. Amma an ware gefenta na yamma, aka yi ƙananan tafkuna da tsibirai, aka kafa ɗakunan katako masu 'yan tagogi inda mutum zai zauna tsuntsu bai gan shi ba. Daga 1996 aka riƙa kawo 'ya'yan shahon kifi daga Sukotland, a 2001 suka fara ƙyanƙyasa a wurin. A daidai zamanin da ake gina Rutland aka gama madatsar Tiga, 1974, sai ta Challawa a 1992. Kano na buƙatar ruwan sha da na noman rani, wannan ba abin musu ba ne. Amma ambaliyar shekara-shekara da ke raya fadamun Haɗeja da Nguru ta ragu, ruwan da ake saki da rani kuma ya ba kachala damar cinye hanyoyin ruwa. Masunta sun ji a jikinsu, manoman shinkafa da makiyaya haka, tsuntsaye ma haka. Na san ba daidai ba ne a auna ƙasar da ruwan sama ke damunta da ƙasar da ke roƙonsa. Duk da haka abin lura shi ne, lokacin da aka tashi kare wa fadamun nan, da lamba aka yi faɗan. Ƙa'idojin da aka kafa a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar ta 1971, ta kare dausayoyin duniya, sun ce dausayin da ke tara tsuntsayen ruwa 20,000 a kai a kai ya cancanci kulawar duniya. Ƙirgar da aka yi ta yi a watannin Janairu tun ƙarshen shekarun 1980 ita ta taimaka tafkin Nguru ya shiga jerin dausayoyin Ramsar a 2000. Ba wanda zai je gaban hukumar ruwa da "da can akwai su da yawa" a saurare shi.

Turawan ma ba waliyyai ba ne. Tsuntsun nan mai rawar aure sun kusa ƙarar da shi a ƙarni na 19 don kawai a yi wa mata ado da gashinsa, kuma wannan ɓarna ce ta sa wasu mata suka kafa ƙungiyar kare tsuntsaye a 1889, wadda ta zama RSPB mai mambobi sama da miliyan ɗaya. Kurciyarsu mai ƙaura zuwa Sahel ta ragu da fiye da kashi 90 cikin ɗari, babban dalilin kuwa irin nomansu ne da ya share ƙwayar ciyawar da take ci, ga harbi da tarko a ƙasashen Bahar Rum. Don haka in wani ya fara yi mini wa'azin maharban Afirka, nakan tuna masa gonar da ke bayan gidansa. Amma ko wannan laifin nasu, daga littattafansu na san shi.

Akwai mai cewa, je ka gaya wa manomin da jan baki ya cinye wa shinkafa ya so tsuntsu. Yana da gaskiya. Mutumin da ya tsayar da 'ya'yansa a gona daga fitowar rana zuwa faɗuwarta suna kaɗa gwangwani, ba shi da bukatar darasin ƙaunar halitta daga wanda ke zaune a Turai. Ni ma ba so nake nema a wurinsa ba. Shi ne ma ya fi kowa buƙatar a san inda jan baki ke kwana, da watan da yake sheƙa, da yadda kachala ta zame masa mafaka, domin a daina zuwa da jirgin feshi bayan an gama ɓarna, ana kashe mai laifi da marar laifi.

Kuma ba daga sifili za a fara ba. Cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke dajin Amurum kusa da Jos ta yaye ɗalibai da yawa, 'yan Arewa na cikinsu, kuma daga can ake tafiyar da aikin taswirar tsuntsayen Najeriya, inda 'yan sa kai ke shigar da abin da suka gani ta wayar hannu. Manhajar eBird ma, ta rubuta tsuntsayen da aka gani, kyauta ce. Abin da ya rage shi ne abin ya fita daga hannun masu digiri. Ga Tiga, ga Zobe, ga Goronyo da Bakolori da Dadin Kowa, kowacce akwai makarantar sakandare a kusa da ita. Malami ɗaya da ɗalibai biyar da littafi mai bango sun isa, su fita sau ɗaya a wata, su rubuta da sunayen da suka sani, su nemi wani tsohon masunci ya riƙa gyara musu. Watan Maris lokaci ne mai kyau na farawa, domin baƙin na shirin tashi, shamuwa kuma ta kusa sauka. Sai dai a halin da ake ciki, saurayi da madubin hangen nesa da littafi a bakin madatsa zai iya kwana a hannun jami'an tsaro, don haka kafin a fita a fara zuwa wurin mai gari da ofishin 'yan sanda a yi bayani, in da hali a tafi da ɗaya daga cikinsu fitar farko.