Sakkwato: mun iya dashen icce, rainonsa ne ya gagare mu

Da ƙarfe biyu na rana a watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, ka bi kowane babban titi a garin nan ka lura da yadda mutane suka rarrabu. Duk inda ka hango dogonyaro to nan jama'a suke. Mai faci na nan da injin iskarsa da bahon ruwan da ya koma baƙi ƙirin, 'yan kabu-kabu sun jera babura wasu har sun miƙe a kai suna gyangyaɗi, mai rake na fere, mai kankana ya yanka ya lulluɓe da farar leda saboda ƙuda, Bafullatana ta sauke ƙwaryar nono tana dama ma wani fura, yaron POS ya raɓo da teburinsa, kai har akuya ta samu gefe ta kwanta tana tuƙa. Ka ƙara taku kaɗan zuwa inda inuwar ta ƙare, babu kowa, sai kwalta na walƙiya da ledojin fiya wata. Kuma inuwar na juyawa suna bin ta, teburin da ka bari yamma da iccen da hantsi in ka dawo bayan la'asar gabas da shi za ka tarar da shi.

Abin da nake son faɗa ba mai tsawo ba ne duk da na san zan ja shi. A gari irin namu inuwar bakin titi aikin raya ƙasa ce daidai da kwalbati da fitilar sola, don ita ce shagon wanda ba shi da kuɗin kama shago, ita ce tashar ɗan kabu-kabu, nan ne ma mai jinya ke zama a ƙofar asibiti kafin a bari ya shiga. Amma mu mun ɗauke ta kamar abin da ya faɗo daga sama, wanda ba wanda ya wahala a kansa kuma ba wanda za a tambaya in ya ɓace.

Alhali wasu ne suka wahala. Dogonyaron nan da muke gani kamar tare aka halicce shi da garin baƙo ne, asalinsa Indiya da maƙwabtanta, zamanin Turawa aka shigo da shi, a Borno aka fara dasa shi a 1928 kafin ya bazu sauran Arewa. Manyan da ke tsofaffin unguwannin ma'aikata da harabar tsofaffin makarantu da bakin tsofaffin hanyoyi, waɗanda mutum guda ba ya iya rungume gindinsu, wani ne ya haƙa rami ya sa su, wani ya yi ta jido ruwa yana zuba musu rani bayan rani, ya kewaye su da ƙaya don awaki, kuma akasarin waɗannan bayin Allah sun riga mu gidan gaskiya ba su sha inuwar ba. Kafin dogonyaro kuma garin na da nasa itatuwan, sunayen wurare ma sun isa shaida. Gawon Nama, Ƙofar Marke, Rijiyar Ɗorowa, ga Giginya inda aka gwabza da Turawa a watan Maris na 1903. Ka tsayar da ɗan sakandare a Ƙofar Marke yau ka ce ya nuna maka iccen marke, ko ya kwatanta maka ganyensa, ka ga yadda zai yi ta kallonka.

To mu me muke yi? Kowace damina sai an yi bikin dashen itatuwa. A kafa rumfuna, a kawo kujerun roba, babban baƙo ya naɗe hannun babbar riga ya durƙusa ya sa ɗan tsiro a rami, a miƙo masa butar ban ruwa sabuwa fil, masu hoto su ɗauka, kafin magariba hotunan sun cika Facebook an ce an dasa dubu kaza. Ni ban taɓa jin an kira 'yan jarida cikin watan Maris an ce ku zo mu ƙirga nawa suka rayu ba. Kuma nan ne gizo ke saƙar, don damina a Sakkwato gajera ce, daga Yuni zuwa Satumba ne ruwan kirki, daga nan sai rani mai tsawon wata bakwai ko takwas, ga hunturu da busasshiyar iska, ga bazara, ga dabbobin da ke yawo sakaka a gari ba mai tsare su. Tsiron da aka sa a Agusta aka juya masa baya, kafin Disamba ya zama tsinke. Shekara na zagayowa sai a koma wuri guda, wani lokaci ma rami guda, a sake wani bikin. Shirin nan na Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, wanda Sakkwato na cikin jihohi 11 na Najeriya da ya shafa, niyyarsa mai kyau ce ba musu, amma shi hankalinsa na can bakin daji inda hamada ke matsowa. Cikin gari fa, wa ke da alhakin iccen da ke gaban shagon mai walda? Hukumar tsara birni ce ko ma'aikatar muhalli ko ƙaramar hukuma? In ka bi za ka ga kowa na da ikon ba da izinin sarewa ko ya kau da kai a sare, amma ban ruwa ba ya cikin aikin kowa.

Sai kuma aikin hanya. Ba na cikin masu cewa kar a faɗaɗa titi, garin ya cika ya batse, wanda ya taɓa maƙalewa a cunkoson wajen Babbar Kasuwa ko Kasuwar Daji da yamma ba zai ce ba a buƙatar hanya ba, kuma gadojin sama sun rage wahala, a faɗi gaskiya. Damuwata ita ce in an zo faɗaɗawa icce ne abu na farko da ake kayarwa kuma shi ne abin da ba a mayarwa. Ana biyan diyyar katanga, ana matsar da turakun wuta, ana sake shimfiɗa bututun ruwa in ya fashe, amma iccen da ya shekara hamsin sai dai ka wayi gari ka ga masu injin yanka sun daddatsa shi, kafin azahar an kwashe a kura. In an tashi ƙawata sabon titin kuma sai a kawo 'yan furanni da wasu dogayen itatuwan ado siri-siri da ko kaza ba za ta fake a ƙarƙashinsu ba, a jera a tsakiyar hanya inda ba mai zama. Kyau a hoto kam akwai shi. Amma mai tallan da ke tsaye a gefen titin rana ce ke gasa shi ta sama, kwalta da kankare na turo masa nasu zafin ta ƙasa, don su suna shan zafi ne duk yini su riƙe, shi ya sa ko bayan isha'i in ka taɓa katangar bulo sai ka ji ta da ɗumi.

Mu ma talakawa da masu hali ba mu fita ba. Mutum zai sayi fili a sababbin unguwanni wajen Arkilla ko Mabera, abin da zai fara yi shi ne ya tumɓuke duk wani icce da ya tarar, ya gina gida har bakin iyaka, ya malale tsakar gidan da intalok tun daga get har ƙofar falo, sannan bazara ta zo, wuta ta ɗauke, a kwashi tabarmi a fito waje ana fifita ana Allah ya isa. Wanda ya yi azumin 2021 da na 2022 a garin nan, da suka faɗo tsakiyar zafi, ya san yadda mutane suka riƙa neman gindin icce da masallatai masu sanyi kamar su yi kuka.

Na san abin da masu sarewa ke cewa, kuma ba duka ne shirme ba. Za ka ji magidanci na cewa, wanga icce ya ɓata min gini, saiwarsa ta shiga masai ta tsaga min katanga. Gaskiya ne dogonyaro na yin haka in an dasa shi jikin gini. Rassansa na taɓa wayar wuta, iskar farkon damina na karya shi ya faɗa kan rufi ko mota, in 'ya'yansa suka nuna jemagu da tsuntsaye su yi ta ɓata ƙasa, ga shara kullum. Sai dai duk waɗannan matsalar wurin dasawa ce da rashin sassabe. A ba shi tazara daga gini, a rage masa rassa kafin ruwan farko, shi ke nan an rabu lafiya. Kuma ba wanda ya ce dole sai dogonyaro. Shi dai ya yi nasara ne don yana jure fari, yana saurin girma, ɗacinsa ya sa dabbobi ba su cika damunsa ba, ga asuwaki kyauta. Amma gari guda ya dogara da icce iri ɗaya shi ma ganganci ne, ranar da wata cuta ta kama shi sai a wayi gari tsirara. Tsamiya na nan, inuwarta ta fi ta kowa sanyi ko da yake tana da nawar girma. Ga cediya da durumi, ga kurna da magarya da aduwa da yara ke ci, ga bagaruwa wadda da 'ya'yanta majema ke jeme fatar jar akuyar nan ta Sakkwato da ta yi suna har ƙasashen waje. Shi kuwa gawo, ikon Allah, da damina yake zubar da ganye ya bar shuka ta sha rana, sai rani ya yi kowa ya bushe sannan shi ya yi kore shar, ya ba da inuwa ya zubo ma dabbobi 'ya'ya. Icce ne da ya dace da filayen makarantu da bakin gari, amma yaushe rabon da ka ga an raba irinsa a wajen biki?

Akwai kuma masu cewa mutanen da ke sayen ruwa jarka-jarka wajen 'yan ga-ruwa ina suka ga na ba icce. Wannan ita ce hujjar da ta fi ƙarfi, kuma ni ma ba zan ce ma mai iyali ya sayi ruwa ya zuba ma tsiro ba. Amma ka tsaya ƙofar kowane masallacin unguwa ka ga ruwan alwala da ke kwarara sau biyar a yini, ya taru ya yi baƙi ya zama gidan sauro. Ka duba wajen masu wankin mota da babur, da bakin kowace fanfon burtsatse, da wajen mai shayi da ke watsar da ruwan wanke kofi a titi. Ɗan rami da 'yar hanyar ruwa kawai ake buƙata. Dogonyaro in ya tsallake rani biyu ya kama ƙasa ba ya ƙara neman kowa, ballantana ma da yawa ba sai an dasa ba, da kansu suke tsirowa jikin katanga bayan ruwa ya sauka, mu ne ke tuge su.

A nan ne nake ganin ya kamata mu leƙa maƙwabta. Tsallaken iyaka kaɗan, a yankunan Maradi da Damagaram, tun shekarun 1980 manoma suka koma barin kututturan da ke tohowa a gonakinsu, su zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi su sassabe sauran su yi ta kula da shi, maimakon jiran a kawo musu tsiro a leda. Ta haka aka farfaɗo da fili mai faɗin kusan hekta miliyan 5. Babban abin da ya sa ya yi aiki shi ne manomi ya tabbata iccen nasa ne, shi zai ci moriyarsa. Hausawa ne 'yan uwanmu, ƙasarsu ma ta fi tamu bushewa.

To a yi haka a cikin gari mana. Maimakon a ba ɗan kwangila dubban tsirrai ya watsa a bakin hanya ya karɓi kuɗinsa, a bi masu sana'ar da ke zaune a wurin kullum, mai faci da mai shayi da ƙungiyar 'yan kabu-kabu da kwamitin masallaci, a ce ga icce ga abin kewayewa, naka ne, in ya kai shekara biyu da rai ga ɗan abin hasafi ko a ɗauke maka kuɗin haraji na wani lokaci. Mutumin da ya san shi zai zauna a inuwar ba sai an yi masa wa'azi ba, tsohuwar taya da ɓaraguzan bulo zai samo ya kare abinsa, akuyar da ta matso kuwa ta sha jifa. Masu unguwanni da hakimai su riƙe lissafi, don su suka san wane ne ke zaune a ina. Kwangilar hanya kuma a rubuta a ciki cewa duk iccen da aka kayar za a maye shi da wasu masu inuwa a gefen da mutane ke tafiya, kuma kar a biya cikon kuɗin sai an zo an gan su da rai bayan rani. Masu ba da izinin gini su ma su daina sa hannu a kan zanen da bai bar ko taku biyu na ƙasa ba.

Abin da zai iya rusa duk wannan shi ne girki. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 komai ya tashi, gidaje da yawa da suka saba da gas sun koma gawayi da itace, kana ganin buhunan gawayi jibge a kowace kwana da motocin itace na shigowa gari, kuma matar da ke neman abin da za ta dafa ma yara tuwo ba za ka tsaya yi mata bayanin hamada ba. In ba a sauƙaƙa gas ba, ko a wadata mutane da murhun nan mai cin itace kaɗan, to iccen da aka raina a bakin titi ma wata rana da dare za a bi shi da gatari, sai dai mai faci ya zo da safe ya tarar da kututture.