Ba yawan duniyoyi ne ya ɓata littafin ba

Wani labari ya ce masu karanta wani littafi da aka ɗora kan fim sun fusata don duniyoyi daban-daban da ke cikinsa sun yi yawa, ni kam ban yarda ba. Littafin da ake ɗorawa kan fim galibi daga rubutun farko na fim ɗin ake ciro shi, kafin a tace fim ɗin, shi ya sa wanda ya mutu a allo sai ka iske shi da ransa a shafi. Malam mai cewa "ai wata duniyar ce", to ina mararrabar da duniyoyin suka rabu? Ko a ƙa'idar masanin kimiyya Hugh Everett ta 1957 kan duniyoyi masu yawa, daga aukuwa guda duniyoyi ke rabuwa. In marubuci bai nuna aukuwar ba, bai sa wa kowane babi alamar duniyarsa ba, yaya mai karantawa a waya a Gusau zai gane inda yake?