Masu sayar da tankin mai na hannu, ku ji tsoron Allah

Duk cikin kayan gyaran mota na hannu, babu abin da ake cutar mutane da shi cikin sauƙi irin tankin mai. Fitila za ka kunna ka gani, ƙofa ka buɗe ka rufe, amma tanki lafiyarsa da ciwonsa duk a ciki suke, kuma masu sayarwa sun san haka sarai. Shi ya sa za ka tarar an wanke bayansa, an fesa masa baƙin fenti yana ta sheƙi, an jingine shi a bango ana ce maka kamar sabo ne.

Mai ƙaramar mota ba marmari ke kai shi neman na hannu ba. Tankinsa ya fara yoyo, warin fetur ya cika motar har yara ba sa iya zama a baya, sabo kuma ko dai ya fi ƙarfin aljihunsa, ko ma an daina ƙera na irin motarsa. A wannan hali na faɗa hannun wani mai sayarwa. Na tambaye shi ƙarara ko an taɓa yi wa tankin faci, ya dube ni ya ce, "Haba maigida, ko ƙwarzane babu, daga jikin mota aka sauke shi."

Canza tanki fa aiki ne ja. Sai an tsiyaye man, a kwance tiyo-tiyo da wayoyi, a sassauta madaurin da ke riƙe da shi, a wasu motocin har salansa sai ta sauka. Bakanike ya gama duk wannan wahala, ya mayar da famfon mai, muka zuba fetur, sai ga ɗigo yana sauka ƙasa. Ya kankare fentin wajen, ga huda zagaye an toshe ta da gam an shafe samanta. Ya ce irin hudar da ake yi ce a wurin kwance motoci don a zuƙe man da ya rage. Wato tankin da aka huda da gangan, wanda makomarsa tarin ƙarafa, shi wani ya ɗauko ya yi wa kwalliya ya karɓi kuɗina. Da aka sake sauke shi muka haska ciki ta bakin famfo, gindinsa ja wur, ka shafa da yatsa garin tsatsa ya biyo ka.

Ita tsatsar nan ce ta fi ɓata mini rai, don ko babu huda ita kaɗai ta isa ta kassara mota. Tankin ƙarfe da ya daɗe a ajiye babu mai yana tara raɓa daga ciki. Ruwa ya fi fetur nauyi, sai ya kwanta a ƙasa yana cin ƙarfen a hankali. Ranar da ka zuba mai mota ta fara jijjiga, garin ya tashi, ya toshe ragar da ke bakin famfo, famfo ya yi ta ja da ƙyar yana kuka har ya ƙone. Abin da ya tsallake ya cika filta, mafi laushinsa ya kai ga nozul, wato bakin da ke fesa wa inji mai. Daga nan mota ta fara shaƙewa a kan hawa, ta mutu maka a tsakiyar titi, ka sayi famfo, ka sayi filta, ka wanke nozul, tsugune ba ta ƙare ba, domin tushen ciwon na nan ɗaure a ƙarƙashin kujerar baya.

Na roba ma ba su tsira ba. Ba sa tsatsa, gaskiya ne, amma suna tsagewa, kuma irin robar da ake yin tanki da ita gam ba ya kama ta da kyau, facin kwana kaɗan ne ya ɓalle. Ga kuma masu ce maka "ai duk ɗaya ne" alhali shekarar ƙirar ta bambanta: bakin famfo bai zo daidai ba, wurin tiyon iska ya kauce, gejin mai ya riƙa nuna rabi tanki kuwa ƙaf.

Duk wannan asarar kuɗi ce, ana iya haƙuri. Rai fa? Tankin ƙaramar mota yana ɗaukar lita 40 zuwa 50 na fetur, kuma salansa mai zafi na wucewa kusa da shi. Tururin fetur tartsatsi ɗaya yake jira. Ko masu walda sun san tankin da ya ƙare da mai amma yake cike da tururi yana iya tarwatsewa da zarar wuta ta taɓa shi. Wanda ya toshe huda da gam ya sayar wa magidanci, ya san abin da ya ɗaura a ƙarƙashin 'ya'yan mutane.

Da na mayar wa mai sayarwar da tankin, sai ya ɗaure fuska ya ce kayan da aka riga aka ɗaura ba a dawo da su. To ta yaya zan san yana yoyo ban zuba masa mai ba, kai kuma ka rufe hudar da fenti? Gwajin ma ba wuya gare shi ba. A toshe kafofin, a hura masa iska kaɗan, a shafa ruwan sabulu a ɗinki da gindi, duk inda ke yoyo kumfa za ta tashi. Aikin 'yan mintuna ne. Mai sayarwar da ya ƙi a yi wannan a gabansa, ko ya hana ka leƙa ciki, akwai abin da yake ɓoyewa.

Abin da nake nema bai taka kara ya karya ba. Ku daina fesa wa tanki fenti kafin mai saye ya gan shi. Ku faɗi irin motar da aka cire shi da shekararta, ku rubuta a rasit cewa in ya yi yoyo za a dawo da shi. Wanda aka huda kuwa a kai shi wurin masu narka ƙarfe. Ni dai kuɗina na nan a wuyan mutumin nan, har da ladan bakaniken da ya ɗaura ya sauke a banza, kuma ban yafe ba.