Shahadar bita ba ta riƙe ajin rauda

Tun da sojojin Sudan suka karɓe birnin Wad Madani a Janairun 2025, sannan Khartoum a Maris, aka koma maganar buɗe makarantu, sai wani yayi ya kunno kai: bitar "shugabanci da aiki tare" ga malaman rauda, wato makarantar ƙananan yara kafin firamare. A tara mata a ɗaki mai sanyi, a haska musu zane-zane da majigi, a raba shahada, wato takardar shaidar halarta, a ɗauki hoto a ɗora a Facebook. Wai da haka za a gyara tarbiyyar yara 'yan shekara 4 da 5.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne zaton cewa matan nan ba su san jagoranci ba sai wani ya zo ya karanta musu. Wa ya riƙe yaran unguwa tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023? Lokacin da azuzuwa suka koma matsugunin 'yan gudun hijira a Gadarif da Kasala, har UNICEF ta ce yara kusan miliyan 19 ba sa zuwa makaranta, mata ne suka tara ƙanana a gindin bishiya, su ne kuma a bakin murhun takaya, wato wuraren dafa abincin sadaka na unguwa. Wadda ta raba tukunyar adas ɗaya ga layin mayunwata ba tare da an ba hammata iska ba, ita za a zaunar a koya wa sasanta rikici?

Ciwon yana wani wuri daban. A rauda da yawa mudira, wato shugabar makaranta, ita ce komai: makullin sito a hannunta, jadawali nata, magana da iyaye tata. Malama ko tabarma za ta fitar waje sai ta nemi izini. To ta dawo daga bita da shahadarta, wa za ta jagoranta? Ga kuma albashi. Kwamitin Malaman Sudan ya daɗe yana kuka kan bashin watanni, na makarantun kuɗi kuwa ba a ma maganarsu. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Aiki taren da mu Hausawa muke buƙata ma ba ya cikin takardun masu bitar. Yaro a garin Mai Wurno na jihar Sinnar da Hausa ya tashi, da asuba yana gaban malamin allo, da hantsi yana rauda ana yi masa Larabci. Idan ya yi shiru, malama ta ce daƙiƙi ne, alhali jiya ya biya wa malam Ƙulhuwallahu ba gargada. Malamin allon, malamar raudar da uwar yaron ba su taɓa zama a tabarma ɗaya ba. Malam yana ganin rauda waƙe-waƙe ne kawai, malama tana ganin allo bulala ce kawai, yaro yana tsakiya.

Masu cewa ai horo ba ya zama asara, su fara faɗa mana nawa ya tafi a hayar zaure da lemon kwalba.

A biya malamai haƙƙinsu tukuna. Mudira ta saki wani abu daga hannunta, ko da tsara wasannin mako ne. Tsohuwar malama ta riƙa shiga ajin sabuwa, su yi maganar yaro da sunansa. Kuma duk raudar da ke unguwar Hausawa, a samu malama ko da ɗaya ce da za ta iya tambayar yaro "me ke damunka?" da harshen da zai amsa.