Ni da Minjirya a Nguru

Tunda bidiyon abin da minjirya ta yi min ya riga ya zagaya, gara ku ji daga bakina.

Aikin wani Dakta ne mai nazarin kifi. Kifaye 12 na dausayin Haɗeja zuwa Nguru yake so in zana masa, a buga a manna a makarantu da matattarar masunta, don a gane kowanne, a kuma daina kwashe 'ya'yan kifi da raga mai ƙananan ido. Rabin kuɗi a hannu, rabi sai an gama. Na yi karfasa, na yi tarwaɗa da gashin bakinta takwas, na yi giwan ruwa, kowanne yana kallon hagu yadda ƙa'idar zanen kifi take. Minjirya ce ta ba ni ruwa. Hotunanta na intanet duk duhu, sai na ɗora mata ƙaya a gadon baya irin ta 'yan uwanta. Dakta ya dawo min da ita da jan biro. Wai ba ta da wannan ƙayar sam, ɗan tsiron kitse ne kawai kusa da wutsiya, gashin baki kuma shida. Wadda ke kwalba a ofishinsa ta daɗe a magani har ta koɗe. Ya ce in je in ga ɗanya.

Muka isa bakin ruwa da hantsi, ni da wani mutumina da ake kira Mai Jar Hula, wanda ya ce ai Nguru garin kakanninsa ne. Ciyawar kacalla ta cinye rabin gaɓar, sai wata 'yar hanya da jirage ke bi. Wani dattijo ya jawo mana robar wanki, ga ta nan kwance, ƙatuwa, sumul ba ɓawo, ƙananan idanu, jiki duk ɗigon baƙi kamar an yayyafa mata tawada.

Abin da ya fi ci min rai, minti biyar kafin nan ni ne nake wa jama'a lacca. Na gaya musu babbar minjirya tana iya sakin wuta har bolt 350, alhali ta gida 230 ce. Na ce mutanen Masar na dā sun sassaƙa hotonta a bangon kaburbura fiye da shekara 4,000 da suka wuce, don haka sana'ata tsohuwa ce. Masuntan da suka tashi cikin ruwan nan suna ta gyaɗa kai, har da mai cewa "ikon Allah". Yanzu na gane ladabi ne kawai.

Na tsuguna na fara zane. Gashin baki biyar nake gani, na shidan ya naɗe a ƙarƙashin haɓa. Na ce, "Baba, ta mutu ne?"

Ya ce, "Ta dai gaji, ɗana."

Ni kuwa na ɗauka irin maganar manya ce, yadda ake sakaya mutuwa. Na soke fensir a kunne, na naɗe hannun riga, na zura hannu cikin ruwan na tallabo haɓarta.

Jama'a. Kamar an ɗaga taɓarya an sauke min a gwiwar hannu, abin ya bi kafaɗa ya fito ta haƙora. Ban san sanda na ce "Wayyo Inna!" ba. Ni, mai 'ya'ya uku. Ba salati ba, ba "innalillahi" ba, Inna. Kuma da wata siririyar murya da ban taɓa sanin ina da ita ba. Na yi baya, dunduniya ta zame, na zauna daɓas cikin taɓo. Littafin zanen da na yi mako uku a kansa ya tashi sama, ya buɗe kamar balbela, ya sauka cikin ruwa. Fensirin kuwa yana nan a kunne, ko motsi bai yi ba.

Wurin ya yi tsit kamar ruwa ya ci biri. Sai wata tsohuwa mai bandar kifi ta leƙo ta cikin hayaƙi ta ce, "Na'am, ɗan nan?" Shi ke nan fa. Har wanda ke cikin jirgi sai da ya ajiye filafili ya riƙe ciki. Baba ne kaɗai bai yi dariya ba. Ya dube ni ya ce, "Malam, ɗari ukun da hamsin ɗin ta cika?"

Duk wannan na yafe. Wanda ban yafe wa ba Mai Jar Hula ne. Wayata na ba shi don ya ɗauko min hoton kifin ta gefe. Yana ganin na naɗe hannun riga ya mayar da ita bidiyo, ka ga kuwa ya san abin da zai faru. Da wayata ya ɗauka, da datata ya tura wa kansa. Mutumin da na zana wa katin ɗaurin aure kyauta, ya sa na sake sau huɗu wai furen ya yi kama da kabeji. Dubu bakwai ɗina na man mota tun bikin ƙanwarsa har yau "sai wata ya yi". Da na yi masa magana a hanya sai ya ce wai don ilimi ya ɗauka, ai aikin namu na wayar da kan jama'a ne.

Littafin ya bushe, shafukan sun yi kwarkwaɗa kamar ganyen kwano. Na sake zanen da ɗige-ɗigen tawada, gashin baki shida cif. Dakta ya ce ya yi, sai dai wutsiyar ta ɗan yi faɗi. Shi ma ya ga bidiyon, don da zan fita ya ce in gaida Inna.

Saura gaiwa. An ce tana cizo.