Manhajar kwantar da hankali da damuwar mutanen Zamfara

Jama'a, kwanan nan tallar manhajojin kwantar da hankali ta yi yawa a Facebook da TikTok, har matasanmu na Gusau sun fara tura wa juna. Ina da magana a kai.

Ba na cikin masu cewa shirme ne. Wanda ya sauke manhaja irin Calm ko Headspace zai tarar ana koya masa jan numfashi a hankali har bugun zuciya ya lafa, ana kuma tuna masa lokacin ajiye waya ya kwanta. Ɗalibin da jarrabawa ta hana barci, ko ma'aikacin da albashi ya ƙare masa tun tsakiyar wata, zai samu sauƙi da wannan.

Sai dai damuwar da ta fi addabar Zamfara ta wuce nan. Akwai matar da ta baro ƙauyensu a ƙasar Zurmi ko Maradun cikin dare, goye da jariri, yau ko babur ya wuce da gudu sai jikinta ya hau ɓari. Akwai magidancin da ya sayar da gona da shanun huɗa ya biya kuɗin fansa, aka sako ƙanensa, amma ƙanen ya dawo ba ya magana, ba ya cin abinci sai an matsa, dare kuwa a zaune yake kwana. 'Yan matan Jangebe 279 da aka sace a Fabrairun 2021, da aka sako su duk mun yi hamdala. Mu nawa ne muka sake tambayar yadda suke barci?

Irin waɗannan mutane manhajar da ake tallatawa ba ta san da su ba. Da Turanci take magana, cikakken amfaninta sai ka biya da dala, kuma tana cin data. Sabis ɗin ma ba abin dogaro ba ne: a Satumban 2021 aka katse layukan waya a jihar nan baki ɗaya tsawon makonni, daidai lokacin da hankalin kowa ya fi tashi. Ga kuma batun sirri, wanda ya fi damuna. A gidaje da yawa waya ɗaya ce, ta maigida, ita uwargida ke ara, ita yara ke wasa da ita. Yaya mace za ta rubuta abin da ke cin ranta a wayar da ba tata ba? Su kansu kamfanonin ba duka ne ke riƙe amana ba. A 2023 hukumar kare masu sayayya ta Amurka ta sa BetterHelp, kamfanin da ke haɗa masu damuwa da masu ba da shawara ta intanet, biyan dala miliyan 7.8 saboda miƙa bayanan masu neman taimako ga irin su Facebook don talla.

Duk da haka ba zan ce a watsar da waya ba, domin ina likitocin? Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, ga mutane sama da miliyan 200. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da mutanenmu suka fi sani na Kware ne, a Sakkwato, kuma kowa ya san halin hanya da kuɗin mota. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ba ta haifar da likita a Shinkafi ba. Giɓin nan tramadol ke cike shi a wurin samari da yawa, suna sha don su manta.

Abin da nake so in gani shi ne murya da Hausa, mai aiki ba data, wadda za a tura ta Xender ko a memori yadda ake tura wa'azi. Muryar da za ta gaya wa mutum cewa faɗuwar gaba da mugun mafarki bayan hari ciwo ne da aka sani, yana da magani, ta koya masa abin da zai yi in abin ya taso, sannan ta haɗa shi da mutum mai rai. A Zimbabwe, Dokta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata suna zama kan benci a harabar asibiti suna sauraron masu damuwa, kuma bincike ya nuna abin yana aiki. Mu ma muna da ungozomomi da malaman Islamiyya da ma'aikatan ƙananan asibitoci. Ɗaliban kwamfuta na Jami'ar Tarayya ta Gusau da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ƙaura Namoda, wannan aiki naku ne.

Malamanmu, Allah ya ƙara muku daraja, ku taimaka a daina ce wa mai baƙin ciki ba shi da tawakkali. Annabi Yaƙub, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har idanunsa suka yi fari. A yi addu'a, a yi azkar, a kuma je asibiti.

In kuwa ɗan'uwanka ya fara cewa gara ya mutu ya huta, ko yana jin muryoyin da ba wanda ke ji, ko ya kwana biyu bai runtsa ba yana sambatu, kada ka tsaya neman manhaja. Kada a bar shi shi kaɗai, a ɗauke magani da makami daga kusa da shi, a kai shi asibitin tarayya na Gusau (FMC) ko asibiti mafi kusa a ranar.